Ɗanmu ya iya lissafi a kasuwa, mi ya sa yake faɗuwa a lakwal? Darasi daga rayuwar Farfesa D'Ambrosio



Kowace shekara in sakamakon birbe da na bak ya fito, magana ɗaya muke ji a fada da majalisu: lissafi ne ya kada yaran. Uwaye su ce yaran yanzu ba su da kai. Malamai su ce uwaye ba su sa ido. Yaran kuma su ce ai lissafi sai mai baiwa. Kuma matsalar ba ƙarama ba ce. Binciken PASEC na 2014, wanda ke auna ɗaliban firamare a ƙasashen Afirka masu aiki da faransanci, ya nuna sama da yara 9 cikin 10 da ke ajin ƙarshe a Nijar ba su kai matakin da ake buƙata a lissafi ba. An samu ci gaba a binciken 2019, amma har a lokacin mafi yawan yaran suna ƙasa da matakin.

Mu dai ba mu yarda ƴaƴanmu ba su da kan lissafi ba. A ganinmu yaro yana zuwa lakwal da lissafinsa a ka, sai a ce ya aje shi bakin ƙofa tare da takalmi, ya shiga aji kamar bai san komi ba. Hujjarmu za mu ɗauko ta daga rayuwar wani malami ɗan ƙasar Birazil wanda ya ƙarar da shekarunsa a kan wagga tambaya, kuma a nan yankinmu na Sahel idonsa ya buɗe.

Sunansa Ubiratan D'Ambrosio. An haife shi a birnin Sao Paulo ranar 8 ga Disamba 1932, mahaifinsa ma malamin lissafi ne. Ya yi digirin dakta a jami'ar Sao Paulo a 1963, a wani reshen lissafi mai zurfi da ke neman hanya ko siffa mafi dacewa cikin dubban da za su yiwu. Misali, in an ba ka igiya ɗaya aka ce ka kewaye fili da ita, wace siffa ce za ta ba ka fili mafi girma? Muna faɗin haka don kada wani ya zaci mutum ne da lissafin ya gagara ya koma surutu. Daga 1964 ya tafi Amurka, ya koyar a jami'o'inta, har da ta jihar New York da ke Buffalo. A 1972 ya koma gida, aka ba shi shugabancin cibiyar lissafi ta jami'ar Campinas.

Abin da ya juya tunaninsa ya faru a maƙwabciyarmu Mali. Tun daga 1970 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wani shiri na horar da daktocin kimiyya a Bamako, don ƴan ƙasa su yi karatu mai zurfi a gida ba sai sun tafi Faransa ba. Ya yi shekaru yana zuwa yana komawa. Ya zo ne ya koyar da lissafin da aka rubuta a Turai, sai ya tarar da al'umma mai tsohon tarihin daula da gini da kasuwanci, mai hanyoyinta na ƙirga da awo da tsara gini, waɗanda littattafan tarihin lissafi da ya karanta ba su ko ambata ba. Shi da kansa ya sha faɗin cewa zamansa a Mali na cikin abubuwan da suka haifar da tunanin da aka san shi da shi.

A 1976, a babban taron duniya kan koyar da lissafi da aka yi a Karlsruhe ta Jamus, ya sa malamai gaba da tambayar da kowa ke ganin ba ta buƙatar amsa: don mi muke koyar da lissafi? A 1984, a irin wannan taro a Adelaide ta Ostareliya, ya gabatar da jawabin da ya yaɗa kalmar "etnomatematika" a duniya, wadda mu za mu kira lissafin al'umma. Shekara ɗaya bayan haka aka kafa ƙungiyar masu bincike ta duniya a kan fannin. A 2001 ya samu lambar Kenneth May ta tarihin lissafi, a 2005 kuma lambar Felix Klein, wadda hukumar duniya ta koyar da lissafi ke ba wanda ya yi fice tsawon rayuwarsa. Ya rasu ranar 12 ga Mayu 2021 yana da shekara 88.

To mi ya ce? Tun zamanin Girkawa masana ke gardama: lissafi wata gaskiya ce da ke can tun fil'azal mutum ya gano ta, ko kuwa aiki ne da mutane suka ƙera da hankalinsu? Kada ku ce gardamar manya ce ba ta shafe mu ba, don tana shiga aji. Malamin da ya ɗauka lissafi abu ne da ya sauko cikakke a littafi, aikinsa ya rubuta a allo yara su kwafe, wanda bai gane ba a ce ba shi da rabo. Malamin da ya ɗauka lissafi aikin mutane ne, zai fara da tambayar yaro: kai yaya ka yi ka samu wannan amsa? D'Ambrosio ya tsaya a kan cewa kowace al'umma, da kowace sana'a, tana da dabarunta na ƙirga, awo, kwatance, rarrabewa da hasashe, waɗanda ta ƙirƙiro don ta rayu a inda take. Lissafin lakwal ɗaya ne cikin waɗannan dabaru. Ya fi sauran ƙarfi da yaɗuwa, amma shi ma yana da tarihi da iyaye, kuma mulkin mallaka ya taimaka wajen sa shi ya rufe sauran.

A ƙasarsa aka samu hujjar da ta fi kama hankali. A 1985 wasu masu bincike uku, Terezinha Nunes Carraher, David Carraher da Analucia Schliemann, suka wallafa abin da suka gani wajen yara masu talla a birnin Recife. Sun je a matsayin masu saye, suna tambayar kuɗin kaya da canji. A bakin titi yaran sun ba da amsa daidai kusan kashi 98 cikin 100. Da aka ba su lissafin nan dai da takarda da alƙalami, lambobi zalla irin na aji, sai abin ya faɗo kusan kashi 37. An tambayi wani yaro kuɗin kwakwa 10, kowace a kan 35. Ya ce uku 105 ne, ya tara 105 sau uku ya zama 315, ya ƙara ɗaya ya zama 350. Yaran ba su da yawa, biyar ne kawai, amma wasu bincike a wasu ƙasashe sun sake ganin irin haka. Kai ɗaya ne, lambobi ɗaya ne. Abin da ya sauya shi ne wurin da hanyar da aka tilasta.

Yanzu mu dawo gida, don gani ya kori ji. A Nijar ba mu ƙirga kuɗi da tamma ɗai-ɗai, da dala muke ƙirga, kuma dala ɗaya tamma 5 ce. Abin da aka rubuta 100 a jikinsa, mu dala ashirin muke ce masa. Na 500 shi ne ɗari. Na 1.000 jikka. Ƴan uwanmu Zabarmawa ma haka suke, Bambarawan Bamako ma da biyar-biyar suke ƙirga kuɗinsu. Ku duba abin da wannan ke nufi. Yarinya mai tallar ƙosai da ta ga 350 a rubuce ta ce dala saba'in, ta raba da biyar kenan cikin ƙiftawar ido. Yaron shago da aka yi sayayyar jikka da ɗari da hamsin aka miƙa masa jikka biyu, ya maido dala hamsin bai ko ɗaga kai ba. A takarda wannan shi ne 2.000 a cire 1.750, saura 250. Yaron nan yana ninkawa da biyar yana rabawa da biyar sau ɗari a wuni, tsakanin harsuna biyu. Shi ne kuma zai zauna a aji, mushe ya rubuta 350 a raba da 5, ya yi ta zufa har ya samu sifili. Wa ya taɓa gaya masa abin da yake yi kullum a kasuwa shi ne ake tambayarsa?

Ba a kuɗi kaɗai ba. Manomi in ya gama girbi ya san cikin dami goma ɗaya na zakka ne, in kuma noman ban ruwa ne rabin haka. Wannan shi ne kashi 10 da kashi 5 cikin 100 da ke ba ƴan kwaleji wuya. Uwargida ta san tiya nawa gidanta ke ci a wuni, ta leƙa rumbu ta gaya maka ko hatsin zai kai damina ko ba zai kai ba. Mai ginin rumbu ko ɗakin kago ya kafa turke, ya ɗaura igiya, ya zagaya ya fitar da da'ira, aikin da kwamfa ke yi a takarda. Tela ya san yadi nawa babbar riga za ta ci. Masu dara a gindin bedi suna hango wasa uku ko huɗu gaba kafin su taɓa kara. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maraɗi a 1991 sun yi shekaru suna riƙe zubi da bashi da riba a ka, mafi yawan matan ba su taɓa shiga aji ba, kuma tsarin ya yi kyau har aka kwaikwaye shi a ƙasashe da dama.

Harshenmu ma yana ɗauke da lissafi. In dattijo ya ce ashirin ba ɗaya ko talatin ba biyu, ragi ya yi a cikin sunan lambar. Ashirin, talatin, arba'in har tis'in daga larabci muka aro su. Lambobin da ake rubutawa a allon lakwal kuwa daga Indiya suka fito, suka bi ta hannun Larabawa kafin su isa Turai. Kalmar aljabara daga sunan littafin Al-Khawarizmi ta fito, wanda ya rubuta a Bagadaza a ƙarni na 9, kuma babban sashe na littafin a kan rabon gado da wasiyya yake. Wannan ilimi yana nan a zaurukan malamanmu. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, ɗa ɗaya da ɗiya ɗaya: malam zai kasa dukiyar kashi 24, mata ta ɗauki sumuni wato 3, ɗa 14, ɗiya 7. Neman lambar da za ta haɗa kason kowa ba tare da gutsure ba, shi ne darasin da ke kada yara a aji shida. Kuma Katsinawan Maraɗi su tuna da Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kishnawi, malamin Katsina da ya rubuta littafi da larabci a 1732 kan yadda ake tsara hatimin lambobi, wanda kowane layi, tsaye ko kwance ko karkace, jimillarsa ɗaya. Ya rasu a Alƙahira a 1741, kuma masu tarihin lissafi na duniya suna nazarin aikinsa har yau. Saboda haka duk wanda ya ce lissafi kayan nasara ne, bai san tarihin gidansu ba.

Amma fa akwai masu suka, kuma sukarsu tana da nauyi, ba za mu ɓoye ta ba. Wani uba zai ce: ni na kai ɗana lakwal ya zama likita ko injiniya, ku kuma kuna so a koya masa tiya da dala da ya riga ya sani? Ƴaƴan manya suna makarantun kuɗi suna koyon lissafin da ake shiga jami'a da shi, ɗan talaka a bar shi da lissafin kasuwa? Wannan tsoro ba a nan kaɗai ba ne. A Afirka ta Kudu, gwamnatin wariyar launin fata ta fake da maganar al'ada ta hana baƙar fata ilimi mai zurfi. Shi ya sa a 1997 masana biyu, Renuka Vithal da Ole Skovsmose, suka yi gargaɗin cewa lissafin al'umma zai iya zama tarko in an yi sakaci. Kuma gaskiya ne lissafin ka yana da iyaka. Da shi ba za a auna ƙarfin gada ba, ba za a ƙirga maganin da jinjiri zai sha daidai nauyinsa ba, ba za a zauna da kamfanin waje a bi kwangilar uraniyom ko man fetur layi-layi ba. Ƙasar da ba ta da masu zurfin lissafi, wasu ne za su yi mata lissafin dukiyarta.

Mun yarda da wannan gargaɗi ɗari bisa ɗari, kuma D'Ambrosio bai taɓa cewa a jefar da lissafin jami'a ba. Mutumin da ya zo Bamako horar da daktoci ba zai ce haka ba. Abin da muke cewa shi ne, dala da tiya tsani ne, a taka su a hau sama. Yaron da aka nuna masa cewa sauya dala zuwa tamma ninkawa da biyar ne, ya riga ya taka matakin farko na aljabara: kowace lamba ka ba ni, in ninka ta da biyar in maido maka. Daga nan zana layin a takarda ba nisa. Yaron da ya ga turke da igiya ya gane mi ake nufi da tsakiya da tazarar da'ira kafin a ba shi sunayensu. In aka tsaya a kan tsanin an cuci yaro. In kuma aka ɗauke tsanin aka ce ya yi tsalle, shi ne halin da muke ciki yanzu, kaɗan su haye, sauran su faɗo su tafi da tabon cewa su dakikai ne.

Wagga magana ta ƙara zama ta gaggawa tunda kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa. Tunanin koyarwa da harshen gida ba sabo ba ne a wajenmu. Farfesa Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya kare shi a littafinsa kan ilimi a Afirka tun 1964, kuma shi masanin kimiyyar hasken rana ne, ba wanda zai ce yana gudun ilimin zamani. An buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram a 1973. Sama da shekara 50 kenan, har yanzu mafi yawan ƴaƴanmu da faransanci suke fara haɗuwa da lambobi, suna kokawa da harshe da lissafi a lokaci guda.

Sai dai mu yi hattara, fassara kaɗai ba ta isa ba. A ɗauki littafin faransanci a juya shi Hausa kalma da kalma, a rubuta cewa Ali ya sayi sabulu na 100, malam ya karanta "ɗari". Yaro ya ji ɗari, a kansa 500 ce. Malam yana lissafi da tamma, yaro yana yi da dala, kowa yana da gaskiya, amsa ta sha bamban, a ba yaro sifili cikin harshen uwarsa. Wanda bai zauna ya yi nazarin yadda mutane ke ƙirga ba, ba zai ko lura da wannan rami ba. Nan ne aikin D'Ambrosio yake da amfani gare mu: harshe da hanyar tunani tare suke tafiya, in za a shigo da ɗaya aji sai a shigo da ɗayan.

Don haka ga abin da muke kira a kai. Ma'aikatar ilimi da cibiyar INDRAP mai tsara littattafai su sa darasin dala da tamma a fili tun ajin farko, a koya wa yaro ya faɗi lamba ta hanyoyin biyu ya kuma san dalilin bambancin. Makarantun horar da malamai su koya wa sabon malami tambayar nan guda, yaya ka yi, kafin ya ja jan biro. Mun san malam mai yara 80 a rumfar zana, ga albashi na jinkiri, ba a yi masa adalci in an ɗora masa laifi duka. Amma wannan tambaya ba ta cin ko dala, kuma tana iya ceto yaro.

Jami'o'inmu na Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa su ɗauki koyar da lissafi a matsayin fannin bincike mai daraja, kamar yadda aka ɗauke shi a Birazil har mutum ya yi suna a duniya da shi. Ɗalibai su shiga kasuwar Maraɗi da ta Dole, su zauna da magina, masaƙa, dillalan dabbobi, matan adashe da malaman gado, su rubuta hanyoyinsu kafin tsofaffin su ƙare. Yau kusan kowane ɗan kasuwa da na'urar lissafi a salularsa yake aiki, lissafin ka yana ja da baya a gaban idonmu. Kuma a zauna a daidaita kalmomin lissafi na Hausa tare da masana na Kano, Katsina, Sakkwato da Zariya, don kada yaron Maraɗi da na Jibiya su koyi abu ɗaya da suna biyu. Haka kuma a yi wa Zabarmanci, Fulatanci, Tamajak, Barbarci da sauran harsunanmu, don kowane yaro da nasa tsanin.

Mu kuma uwaye, namu ya fi sauƙi. Mu daina cewa a gaban yaro "gidanmu ba mu da kan lissafi", don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma irin wagga magana tana tanƙwara shi ta inda ba a so. In ɗiyarki ta dawo daga talla ta ba ki lissafi daidai, ki ce ta rubuta shi a takarda da lambobin lakwal. In ɗanka ya raka ka awo, ka tambaye shi tiya 12 a kan dala tamanin-tamanin nawa kenan, sannan nawa ne a rubuce. Ƴan mata musamman, su ne suka fi riƙe kuɗin talla, su ne kuma aka fi cire wa rai da lissafi.

Ɗan Birazil ya taso daga wata nahiya ya zo Sahel ya ga ilimi a inda mu muke ganin abin yau da kullum. Bai kamata sai wani baƙon ya sake zuwa ya nuna mana ba. Malaman lakwal da ke bibiyarmu, ku gaya mana a ƙasa yadda kuke fama da maganar dala da tamma a ajinku, da dabarar da ta yi muku aiki. Ƴan kasuwa da masu sana'a, ku rubuto mana yadda kuke lissafinku a ka. Allah ya yi wa ƴaƴanmu albarka, ya buɗa musu basira. Sai mun ji daga gare ku.